Ranar da Manong Dexter Ya Shafe Teku

Ku da kuka cika min akwatin saƙo da “Divina, wai me bawan Allahn nan ya yi miki ne?”, yau ku gyara zama, zan faɗa. Wanda kuma yau ya fara cin karo da ni, sunana Divina Pascua, shekarata ashirin da ɗaya, a Hilo aka haife ni, wani gari a kan tsibiri a tsakiyar teku, kuma ni ce shugabar 'yan gasar kacici-kacici na kwalejinmu. Mu huɗu ne: ni, da Sachi mai lissafi, da Tevita mai tarihi, sai Kaimana da ya haddace sunan kowane kogi na duniya amma kullum sai ya manta inda ya ajiye makullin motarsa. Bana muka samu gurbin zuwa gasar ƙasa. Tunda aka kafa kwalejin ba a taɓa yi ba, ni kuma wannan ce shekarata ta ƙarshe. In ban je bana ba, shi ke nan, na gama.

Kuɗin jirgi kuwa, kwaleji ta ce mu yi haƙuri. Don haka Asabar huɗu a jere muna gasa kaji a filin ajiye motoci na cocinmu, ruwan Hilo na zuba ta gefen rumfa, hayaƙi na shiga ido. Nanang, mahaifiyata, ita ce mai kula da wuta, ba ta yarda kowa ya taɓa mata ƙarfen juyi ba. A Asabar ta uku ƙarfen ya kwanta mata a hannu, ya bar mata tabo tun daga wuyan hannu har kusa da gwiwa. Ta shafa man goge baki, ta ɗaure da tsumma, ta ci gaba da juya kaji. Duk lissafinmu a kan Los Angeles muka yi shi, don a can aka yi bara, kuma kuɗin ya kai cif.

Ranar Alhamis ina aji wayata ta girgiza. Sachi ce a zauren hirarmu na waya, na mu huɗu.

“Kun ga sanarwa?”

“Ina ne?” in ji Tevita.

“Orvin.”

“Orvin ɗin mutum ne ko gari?”

Kaimana ne ya amsa: “Ni dai ban san shi ba.” Nan na san akwai matsala, don garin da Kaimana bai sani ba, to ku tabbata masu garin ma da ƙyar suka san shi.

Ashe wani ɗan gari ne a tsakiyar gonakin masara na Nebraska. Jirgi daga Hilo zuwa Honolulu, wani zuwa Denver, wani zuwa Omaha, sannan awa uku a motar haya, mu da masu ba da hayar mota ke ƙara wa kuɗi saboda ƙarancin shekaru. A ƙasan sanarwar har da rubuta cewa an zaɓi wurin ne “domin sauƙaƙa wa kowace ƙungiya.” Kowace fa! Akwai tallafin da kwamitin gasar kan ba ƙungiyar da ta fi kowa nisa, na ce to ko ba komai wannan namu ne, wa zai ja da mu? Na gangara ƙasa. An ba wata kwaleji a jihar Maine. Na karanta sau uku, na kife wayar a kan tebur.

Yanzu bari in gabatar muku da gwarzon.

Dexter Ragasa ɗan Ninang Fely ne, uwar baftismata, aminiyar Nanang tun suna 'yan mata a masana'antar gyaran gyaɗar makadamiya. Gidansu layi biyu ne daga namu. Ya tafi karatu tsallaken teku ya yi shekara takwas, ya dawo da digiri biyu da sabon harshe, yanzu in ya ce “Hilo” sai ka rantse a takarda ya fara ganin sunan. Da can shi ma ɗan gasar ne, yau kuma yana cikin kwamitin ƙasa, shi ne wakilin yankinmu. Tun dawowarsa Nanang ta rasa sukuni. Dexter ya sayi mota. Dexter ba ya shan taba. Dexter ya kai uwarsa asibitin ido. Kai ka ce shi ya fara kai uwa asibiti a duniya.

“Lahadi zai zo cin abinci,” in ji Nanang, tana tsinke ganyen zogale a faranti. “Ki saka rigar nan mai ruwan ɗorawa.”

“Nanang, ta matse ni a hammata.”

“Ai ba ɗaga hannu za ki yi ba. Kuma ki ce masa Manong, wato yaya, ya girme ki da shekara bakwai. Ki rage wannan bakin naki. Yaro yana cikin masu gasar, ke kina neman hanya, Allah ya kawo miki har gida, me kuma kike so?”

Na saka rigar. Na saka 'yan kunnen lu'ulu'un da kakata ta bar min, na ɗaure gashi, na shafa jan baki kaɗan don kada a ce na yi taurin kai. Nanang ta shimfiɗa farin mayafin tebur da ba ya fitowa sai Kirsimeti, ta cire ledar kujeru, abin da ko da limamin coci ya zo ba ta yi ba.

Ƙarfe ɗaya suka iso. Ninang Fely ta tuɓe silifas a bakin ƙofa kamar kowane ɗan halak, ta rungume ni. Shi kuwa gogan, riga mai dogon hannu, da rigar sanyi a rataye a wuya, a Hilo, a wannan zafin. Ya tsallake tulin takalman da ke kan baranda, ya shigo da nasa na fata, ƙwas ƙwas ƙwas a kan dandamalin da Nanang ta goge da gwiwoyinta. Na kalli Nanang. Matar da ta taɓa korar mai gyaran famfo a kan takalmi, sai ga ta tana murmushi tana cewa, “Shigo, ɗana, shigo.”

“Ading Divina,” ya ce, wato ƙanwa, yana miƙo min hannu kamar mai neman ƙuri'a. “Na ji kun ƙoƙarta.”

Mun ƙoƙarta. Mun doke ƙungiya goma sha ɗaya, wai mun ƙoƙarta.

Aka zuba shinkafa da romon kaza da zogale, da taliyar Nanang mai kayan lambu. Ya ci loma biyu ya fara ba mu labarin wani gidan abinci a Chicago. Na bar shi ya kai aya, sannan na ce, “Manong, wane ne ya zaɓi Orvin?”

Fuskarsa ta washe. “Kin tambayi mai abin. Da can son rai ake bi, kowa na jan gasa zuwa garinsu. Ni na kawo tsari. Bari ki gani.”

Wallahi da kwamfutarsa ya zo cin abinci. Ya ture farantin taliya, ya buɗe ta a kan farin mayafin. Jadawali ne dogo, sunayen kwalejoji sittin da huɗu a jere, kowace da lamba a gabanta.

“Na haɗa shi da taswira,” ya ce, yana kallon Nanang don ita ce mai tafi. “Da kansa yake auna mil nawa kowace ƙungiya za ta tuƙa zuwa kowane gari. Garin da jimillarsa ta fi ƙanƙanta shi ya ci. Wadda lambarta ta fi girma ita ke da tallafi. Babu hannun mutum a ciki, Anti. Baɗi ma ana maganar ni za a ba shugabancin kwamitin.”

“Kin ji ko?” in ji Nanang, tana zungurina a ƙarƙashin tebur.

“Za ta tuƙa?” na ce.

“Eh mana.”

“Gangara ƙasa in ga namu.”

Ya gangara. Ga Maine, mil dubu ɗaya da ɗari shida da wani abu. Ga su Texas, ga su Oregon. Can ƙarshen jerin, ƙasa da kwalejin da ke cikin garin Orvin ɗin kanta, ga sunanmu. A gabansa, sifili.

Na ɗauka idona ne. Na matso har rigar ta yi ƙara a hammata.

“Manong, wannan fa?”

Ya danna nan, ya danna can. Na ga kunnuwansa sun yi ja. Abin da ya faru ba ya buƙatar digiri biyu. Taswira ta nemi titin mota daga Hilo zuwa Nebraska ba ta samu ba, ta bar gurbin fayau, shi kuma ya saita jadawalinsa duk gurbin da ba komai ya zama sifili. Kusan mil dubu huɗu, rabinsu ruwa, mutumin da aka yanke wa cibiya a asibitin Hilo ya manta akwai teku. Da wani ɗan tsallake ne da bai taɓa ganin ruwan da ya wuce na wanka ba, da na ce to. Amma Dexter? Dexter da daga tagar ɗakin uwarsa ana hango jiragen ruwa?

Na ɗaga wayata na ɗauki hoton fuskar kwamfutar, ƙyas.

“Ƙaramin abu ne,” ya ce da sauri, ya rufe ta. “Baɗi za a gyara.”

“Baɗi na gama makaranta.”

“An riga an sanar, Ading. In na taɓa lamba ɗaya, za a ce duk jadawalin ba shi da inganci. Kin san mutanen nan.” Ya gyara rigar sanyinsa, ya sassauta murya. “Ga abin da za a yi. Ina da makin da kamfanin jirgi ke tara min, ya isa tikiti guda. Ki zo mu tafi tare, ki ga gasar, in gabatar da ke ga manya.”

“In ga gasar? In je kallo?”

“To, ai ƙwarewa ce ita ma.”

Ninang Fely ta dafa ƙirji. “Kin ga zuciya irin ta ɗana?”

Na ga zuciya. Na miƙe na hau kwashe kwanuka tun ba a gama ci ba, don in na ƙara minti ɗaya a teburin nan sai romon zogale ya hau rigar sanyi.

Da suka tafi, ina wanke-wanke Nanang na gogewa, na gaya mata yadda dokar take. Ƙorafi a kan jadawali sai ta hannun wakilin yanki yake shiga, wato shi. Kuma ana rufe karɓa gobe Litinin ƙarfe sha biyun ranarsu, wanda a nan ƙarfe bakwai na safe ne, don ko a agogo ma ba a tuna da mu ba. In ya ƙi, abin da ya rage min shi ne in saka hoton a dandalin 'yan gasa, ƙasa duka ta gani.

“Kul!” in ji Nanang. “Ki kunyata ɗan Fely a idon duniya? Matar da ta riƙe ki a gaban bagade? Da wane ido zan kalle ta a coci? Ki karɓi tikitin da ya ba ki, ki yi shiru.”

“Su Sachi fa?”

“Su ma Allah zai kawo nasu.”

Ta ci gaba da goge faranti ɗaya, ta goge, ta sake gogewa. Can ta ce, ba tare da ta kalle ni ba, “Wai shi sifilin me yake nufi?”

“Yana nufin muna zaune a cikin zauren gasar, Nanang. Yana nufin ba mu da tafiyar da za mu yi. Ko kaza ɗaya ba mu buƙaci gasawa ba.”

Ta kalli tabon hannunta, ta ajiye farantin, ta shige ɗaki. Ni kuma na ɗauki waya na rubuta wa mutanena: “Gobe shida da rabi, ƙofar gidan Ninang Fely. Kowa ya zo da jakar tafiyarsa.”

Safiyar Litinin ana yayyafi. Sachi ta zo da akwati mai taya, Tevita da buhun tabarma da matashin kai, Kaimana kuwa har da gorar ruwa da taswirar takarda a naɗe. Motar Dexter na tsaye a gaban gida, fara fes, ko ledar kujerunta bai cire ba. Na buga ƙofa. Ya fito da gajeren wando da buroshi a baki, Ninang Fely a bayansa da abin naɗe gashi a ka.

“Ina kwana, Manong,” na ce. “Mun shirya.”

“Kun shirya me?”

“Tafiya Orvin. Ka ce sifili ne. Muka ce to tunda ba nisa, ka sauke mu kafin ka wuce aiki.”

Tevita ya jingina buhunsa da bayan motar. “Babban yaya, buɗe mana but. Ni a baya zan zauna, ina da amai.”

Kaimana ya warware taswirarsa a kan murfin injin, ya ɗora yatsa a kan shuɗin da ya cika rabin takardar. “Nan ne kawai ban gane ba. Dama za mu yi ko hagu?”

Maƙwabta sun fara leƙowa. Dattijon gidan gaba ya kashe tiyon ban ruwansa ya tsaya.

“Divina, wannan yarinta ce,” in ji Dexter, kumfa na zubo masa a haɓa. “Ku tafi gida, za mu yi magana.”

“Saura minti ashirin da biyu a rufe,” in ji Sachi, tana kallon agogo.

Sai na ji ƙarar silifas a bayana. Na juya. Nanang ce, da lema a hannu, sanye da rigar aikin da take gasa kaji da ita, wadda wanki uku bai fitar mata da warin hayaƙi ba. Na ce shi ke nan, yau za a ja ni da kunne a gaban jama'a. Ba ta ko kalle ni ba. Ta wuce, ta gaishe da Ninang Fely, ta kama murfin gaban motar ta ja. A buɗe yake. Ta naɗe lemarta, ta shiga ta zauna, ta ja bel ta ɗaura, ta ɗora jakarta a cinya.

“Ɗana,” ta ce ta taga, “ni ma zan bi ku. Ban taɓa ganin Nebraska ba, kuma ka ce nan kusa ne. Ka dai dawo da ni kafin sha biyu, na jiƙa wake.”

Jama'a, na so in faɗi ƙasa. Ninang Fely ta kalli aminiyarta, ta kalli hannun nan mai tabo da ke kwance a kan tagar motar, ta juya ga ɗanta. Ba da harshen Chicago ta yi masa magana ba.

“Dexter. Ɗauko abin nan naka.”

A kan but ɗin motar ya buɗe kwamfutar, Tevita na riƙe masa lema. Sachi ta tsaya a kafaɗarsa tana duba kowace kalma, har ta sa ya goge “wata 'yar matsalar na'ura” ya rubuta “kuskurena.” Bakwai saura minti huɗu ya tura. Da ya ɗago, ban ga wannan murmushin na neman ƙuri'a ba. Ya kalli ƙafafunsa, babu takalmi, cikin ruwa, ya ce a hankali, “Ban tuna ba ne wallahi. Ko sau ɗaya bai zo min a rai ba.” Na yarda da shi, kuma wannan ne ya fi ƙona min rai.

A hanyar gida na riƙe hannun Nanang, ina jin kamar in goya ta. Na ce a raina yau dai an rabu da Dexter.

Laraba da yamma amsa ta zo, muna zaune mu huɗu a barandarmu. Kwamiti ya amince mu ne mafi nisa, sun ba da haƙuri cikin layi ɗaya da rabi. Amma tunda an riga an yi wa 'yan Maine alkawari, za a raba tallafin biyu. Orvin kuwa tana nan daram. Sachi ta haɗa rabin da kuɗin kaji, ta buga, ta sake bugawa, ta ajiye wayar.

“Mutum uku,” ta ce.

“Ni zan zauna,” in ji Tevita.

“Ka zauna wa zai amsa tarihi?” in ji Kaimana. “Ni zan zauna.”

“Kai kuma wa ya san koguna? Rufe mana baki.”

Kowa ya san gaskiya. Da mutum uku za a yi waje da mu tun kafin abincin rana. Ranar biyan kuɗin rajista Juma'a ce, babu sauran Asabar da za a gasa ko fiffike.

Wayata ta yi ƙara. Dexter. Hoto ne ya turo, tikitin jirgi, Hilo har Omaha, da dawowa. A sama an rubuta Divina Marie Agpaoa Pascua, da ranar haihuwata daidai. A ƙasa ya rubuta: “Ba kallo ba, wasa za ki je. Ku tafi ku huɗu. Kujerarki 31B, tawa 31A. In ba ki so, ki faɗa kafin gobe in soke.”

Awa bakwai daga Honolulu zuwa Denver kaɗai, kafaɗa da kafaɗa da rigar sanyi. Kuma duk wanda ya san Hilo ya san kafin jirgin ya sauka an gama ɗaura mana aure a bakin matan coci. Sannan wa ya ba shi Agpaoa? Sunan gidan su Nanang ne, ko a katin makaranta babu shi.

Na juya. Tana tsaye a bakin ƙofa da babban akwatin kakata, har ta kakkaɓe masa ƙura, rigar nan mai ruwan ɗorawa a rataye a kafaɗarta, an farke hammatar an ƙara mata ƙyalle.

“Nanang! Ke da kika shiga motarsa?”

“Na shiga mana. Ya yi kuskure, an nuna masa, ya gyara a gaban uwarsa da maƙwabta. Maza nawa kika sani da za su iya?”

Sachi na kallona. Tevita na kallona. Kaimana ne kaɗai ya sunkuyar da kai yana naɗe taswirarsa, yana warwarewa, yana sake naɗewa.

Nanang ta dire akwatin a gabana, ta nuna wayar da haɓa.

“Ki ce masa kin gode, Divina. Wannan karon ya ƙirga ki.”